Labaran waya sun hana ni barci, ko na fara taɓuwa ne?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana da na garinmu. Ni magidanci ne, shekarata 34, mata ɗaya da yara uku, ina zaune a wani ƙauye ta yankin Ringim. Noma nake yi da damina, sannan ina da ɗan shagon cajin waya na sola a bakin titi, ina kuma tura wa mutane karatu da finafinai a memori. Matsalata labarai. Tun lokacin gobarar tankar Majiya wani ya turo min bidiyon na kalla har ƙarshe, daga nan ban sake zama daidai ba. Yanzu ina cikin guruf na WhatsApp sun kai goma, ga Facebook ga TikTok, kuma duk wanda yazo karɓar wayarsa sai yace zo kaga abinda akai a Zamfara, zo kaga na Gaza, zo kaga ruwa ya cinye gari. Bana son kallon amma na kasa bari. Sai in kai ƙarfe biyun dare ina dannawa, in na kwanta gabana ya dinga faɗuwa, ko babur ne ya wuce sai na tashi na duba sakata. Ƙanina yaron mota ne, suna ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa Legas, in na kira shi bata shiga ba ji nake shikenan an kashe shi, ranar nan sau goma sha ɗaya na kira shi. Matata tace na canza, ina yi wa yara tsawa akan abinda bai kai ya kawo ba, tace waya ta zame mata kishiya. Inna tace ƙarancin tawakkali ne, ta sa an yi min rubutu. Abokina kuma yace in nemi ƙwayar barci a kemis. Ni kuma in nace zan daina kallo sai inji kamar na juya wa 'yan'uwana baya, suna cikin bala'i ni ina nan ina jin daɗi, ga tsoron kar abin yazo garinmu ban sani ba. Anti ko dai na fara taɓuwa ne? Ya zan yi?

Wa'alaikumussalam ƙanena, sannu, Allah ya yaye maka. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa dan nasan ita tafi cin ranka. Abinda ka lissafo min, faɗuwar gaba, rashin barci, zabura da ƙaramin motsi, saurin fushi, duk alamomin fargaba ne da damuwa mai yawa, ba hauka bane, likitoci sun san abin sarai kuma ana warkewa. Mutumin da ya zauna ya tsara wasiƙa irin wannan, ya gane abinda ke damunsa har yasan ranar da ya fara, hankalinsa na jikinsa. Gajiya ce tayi wa zuciyarka yawa, kuma zuciya bata da ƙashi.

Bari in gaya maka abinda ke faruwa a jikinka. Allah ya halicci ɗan adam da wani shiri na kare kai, in kana cikin gona kayi arba da maciji kafin ma kayi tunani zuciya ta fara bugawa da sauri, numfashi ya sauya, jiki ya saki sinadaran da zasu baka ƙarfin gudu ko kai duka. Macijin na wucewa sai jiki ya sauka, ka goge gumi ka cigaba da aikinka. To matsalar ita ce jiki baya bambance macijin gona da bidiyon da ke tafin hannunka, ido ya ga jini, kunne yaji ihu, shikenan sai ya ɗauka a tsakar gidanka ake yi. Kai kuma tun safe har biyun dare kana nuna masa maciji bayan maciji, babu lokacin da zai sauka. Shi yasa babur ke tada kai. Kuma abin Majiya ba ƙaramin abu bane, a watan Oktoba na 2024 sama da mutum 150 suka rasu a wannan gobarar, a ƙaramar hukumar Taura, nan maƙwabtanku, mutane masu irin shigarka masu irin maganarka. Ka kalli wannan har ƙarshe kace baka sake zama daidai ba, ni ban ga abin mamaki ba wallahi.

A Amurka ma an taɓa bincike akan wannan bayan harin bam ɗin da aka kai wajen gasar gudu a birnin Boston a 2013. Abinda aka gano shine mutanen da suka dinga shafe awa shida ko fiye kullum suna bin labarin sun fi nuna alamun firgici akan waɗanda suke wajen da abin ya faru. Wanda yake wajen sau ɗaya ya gani. Mai waya kuwa ya gani sau hamsin, ta gaba ta baya, da wanda aka sa wa kiɗan tausayi.

Sannan kar ka ɗauka rauninka ne kaɗai yasa ka kasa bari. Facebook da TikTok suna lura da abinda ka tsaya akai, in ka daɗe akan bidiyon gawa sai su ƙaro maka irinsa, domin su burinsu kar ka ajiye wayar. Ranar da aka girbe shinkafa lafiya a fadamar Hadejia, ko motoci ɗari suka tashi daga Maigatari suka sauke shanu lafiya, babu mai ɗaukar wannan ya tura guruf. Abinda kake gani gaskiya ne da yawansa, ban ce maka ƙarya bane, ƙasar nan tana cikin jarrabawa, amma zaɓo maka mafi muni ake yi daga duk duniya ana zuba maka a kwano ɗaya.

Yanzu ga maganar da nafi so mu tsaya akai, wannan da kace in ka daina kallo kamar ka juya wa 'yan'uwanka baya. Na karanta wajen nan sau biyu, dan ya nuna min irin zuciyar da kake da ita, kuma bana so ka rasa ta. Amma ƙanena ka tambayi kanka tsakani da Allah, kallon da kayi wa bidiyon nan ƙarfe biyun dare me ya ƙara wa matar da aka kashe mijinta a Zamfara? Bata san ka kalla ba, ko loma ɗaya bai kai bakin 'ya'yanta ba. Abinda ya faru kawai shine washegari ka tashi da jan ido ka daka wa ɗanka tsawa dan ya zubar da koko. Wato masifar can ka ɗauko ka kawo gidanka, su can bata ragu musu ba. Kuma ka tuna gawar nan da ake yawo da ita waya zuwa waya ɗan wani ne, uban wani ne, addininmu suturta mamaci ya koyar, da ƙaninka ne Allah ya kiyaye baza ka so a dinga miƙa hotonsa a majalisa ana cewa zo ka gani ba. Dan haka kawar da kai daga bidiyon gawa mutunta ta ne. Hausawa sunce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, basu ce ka zauna kana kallon wutar har gari ya waye ba.

In tausayin ne yake cinka, ka bashi inda zai tafi. Ka saka su a addu'a a sujjada da sunan garinsu. In kaka tayi ka ware ko kwano biyu ne na gero. Ku nan yankinku kun san ambaliya, a 2022 Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Miga an ga abinda ruwa yayi, akwai gidajen da har yau basu gama miƙewa ba, akwai marayu a layinku da ka san sunansu. Ka yi wa tsohuwar da bata da kowa caji kyauta dan taji muryar ɗanta da ke cirani. In damina ta matso ku haɗa gayya ku yashe magudanar ruwa. Zaka ga wani abu, ranar da hannunka yayi aiki irin wannan nauyin ƙirjin yana raguwa, saboda abinda yafi cin mutum a labaran nan shine ganin bala'i alhali ba abinda zai iya yi. Allah kuma baya ɗora wa rai sai abinda zata iya.

Tsoron kar abu yazo garinku baka sani ba shima na fahimce shi, kuma ban ce ka toshe kunne ba. Amma duba yadda labarin kusa yake zuwa a ƙauye. In wani abu ya taso a garin da ke gaba da ku, kafin ya hau Facebook mai unguwa yaji, dagaci yaji, 'yan sintiri sunji, 'yan acaɓa da direbobin tasha sun kawo shi, an faɗa a masallaci. Kai da shagonka ke bakin titi ma ai kana cikin masu fara ji. Ka riƙe lambar mutum biyu ko uku da ka yarda dasu a garuruwan da ke kewaye daku, wannan yafi maka guruf goma amfani.

Abinda nake so ka koma shine abinda iyayenmu suke yi, rediyo. Baba yana kunna BBC ko DW ko RFI da safe, yaji duniya cikin rabin awa, ya kashe ya ɗau fartanya, da daddare ya ƙara jin na gida a Freedom ko gidan rediyon Jigawa. Yasan komai kuma yana barci. Labarin rediyo yana da farko yana da ƙarshe, an tantance shi, kuma kunne ne ke ɗauka ba ido ba. Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan fannin ji ya isheka. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya lokacin korona a 2020 shawarar da ta bayar kenan, a dinga duba labarai sau ɗaya ko biyu a rana a lokacin da aka tsayar, daga majiya mai tushe. Ka zaɓi lokacinka, misali bayan ka buɗe shago da safe sai kuma bayan la'asar. Bayan isha'i babu labari, ko na waye.

Wayar kuwa kada ta kwana a ɗakinka. Kai kam ka huta, kana da inda zaka barta, ka jona ta a shago ka kulle ka taho gida da ƙaramar waya mai tocila wadda kira kawai take yi, duk mai nemanka da gaggawa zai same ka. Daren farko da na biyu zaka ji hannunka na neman abin dannawa, zaka yi ta juyi, ka daure, abin yana sauƙi da kwanaki. Guruf goman nan ka zauna gobe da rana ka tace su, ka bar na dangi da na garinku da wanda ya shafi sana'arka, sauran ka fita, ba sai kayi wa kowa bayani ba. Wanda kake jin nauyin fita ka kashe masa ƙara. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana bidiyo da hoto sauka da kansu, ko data ma zaka ga ta daɗe maka. A Facebook da TikTok in irin bidiyon nan ya fito kar ka tsaya ko na daƙiƙa biyar, ka danna wajen da ake cewa baka so, ka nemi karatun malaman da kake so da shafukan noma da kiwo da ƙwallo ka tsaya akansu, a hankali abinda suke kawo maka zai sauya. Kuma duk saƙon da ka gani da alamar an tura shi sau da yawa, ko murya ce ta wani da bai faɗi sunansa ba yana cewa ku yaɗa ku yaɗa, ka bar shi ya mutu a wayarka. Da yawa tsofaffin bidiyo ne ko na wata ƙasa ake sa musu sunan garin kusa. Aya ta 6 a suratul Hujurat ta umarce mu da bincike in an zo mana da labari, kuma ya tabbata a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya dinga faɗin duk abinda yaji.

Shagon ne inda nasan zaka fi shan wuya, domin nan abincinka yake kuma masu zo ka ganin nan kwastomominka ne, wasu ma sun girme ka, bazai yiwu ka ɗaure musu fuska ba. Ka samu magana ɗaya mai laushi ka riƙe ta, in an miƙo maka waya ka kawar da kai kace "Allah ya jiƙansu, Allah ya kawo mana sauƙi, ni dai yanzu bana kallon irin wannan, yana hana ni barci." Kar ka ji kunyar faɗin haka. Sati ɗaya zasu yi ta tsokanarka, wani yace ka cika tsoro, daga nan zasu saba, kuma ina tabbatar maka cikin masu zama a bencin nan akwai wanda shima baya barci, yana jiran wani ya fara faɗa ne. Ka dinga sa karatu ko rediyo a sifikar shagon yadda hirar zata samu wata hanya. Sannan ka yanke wa kanka doka, baka tura wa kowa bidiyon kisa ko gawa a memori ko nawa zai biya, musamman yaran nan 'yan sha biyu sha uku da ake aikowa karɓar waya, abinda yayi maka haka kana da shekara 34 ka auna me zai yi musu.

Ƙaninka kuma, tsoronka akansa yana da tushe, duk wanda yaji kisan da akai wa matafiya 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 dole gabansa ya faɗi in nasa na kan hanyar kudu. Amma ka duba ta ɓangarensa, yana bayan mota cikin shanu, ga gajiya ga hanyar da sabis ke ɗaukewa, ya kunna waya yaga kira goma sha ɗaya daga yayansa, abinda zai fara zuwa ransa shine Inna ce ta rasu. Kaga ka ɗora masa naka tsoron akan nasa. In ya dawo ku zauna ku tsara, shi zai dinga kiranka ko yayi maka filashin sau biyu, in sun tsaya cin abinci da in sun sauka. Ka karɓi lambar direbansa. Kuma ku yarda tun yanzu cewa waya bata shiga ba ma'anarta babu sabis ko caji ya ƙare, sai an wuce lokacin da kuka sa da awanni sannan ka nemi direban. Ranar tafiya ka raka shi da addu'ar matafiyi ka damƙa shi amanar Allah ka koma bakin aikinka.

Matarka bata yi laifi ba. Da tace waya ta zame mata kishiya, mijinta take nema, tana ganinka a ɗaki amma baka nan. Kuma na lura a wasiƙarka baka ce ka taɓa gaya mata abinda ka gani ko abinda kake ji ba, ita dai tsawa take gani da haskaken waya cikin dare, wa ya san me take saƙawa a ranta, ƙila ma tana zaton wata kake hira da ita. Ka zaunar da ita bayan yara sunyi barci kace mata wance ba ke bace, tsoro ne ya shige ni tun abin Majiya, ki taya ni. Ba sai ka kwatanta mata abinda ke cikin bidiyon ba. Ka bata haƙuri akan yaran, su ma ka jawo su jiki, ka ci tuwon dare dasu akan tabarma ɗaya, ka tambayi babban me aka biya musu a islamiyya. Mace in ta gane ciwo ne ba wulaƙanci ba, ita zata fi kowa tsaya maka.

Inna ma ƙauna ce tasa ta nemo rubutu, ka karɓa da hannu biyu kayi mata godiya. Sai dai kalmar ƙarancin tawakkali kar ka bari ta zauna maka a rai har ka fara zargin imaninka. Manzon Allah SAW da kansa yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, da damuwa bata samun mumini ai da ba'a koya mana wannan addu'ar ba. Ka riƙe ta, ka riƙe azkar na safe da yamma da na kwanciya, ka sa su a daidai gurbin da waya take ciki da. In faɗuwar gaban ta taso cikin dare ka tashi zaune, ka ja numfashi a hankali ta hanci ka sake shi a hankali yafi na shiga tsawo, kayi ta yi kana ambaton Allah har bugun ya lafa. Ka rage shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari daga la'asar. Addu'a da neman magani basa karo, wanda ya ɗaure raƙuminsa ai bai fita daga tawakkali ba.

Shawarar abokinka ce kawai zan ce maka a'a kai tsaye. Kar ka sayi ƙwayar barci a kemis da kanka. Irin waɗannan ƙwayoyin jiki yana sabawa dasu, yau ɗaya gobe sai biyu, ranar da babu kuma fargabar ta dawo fiye da da, samari nawa muka gani a ƙauyukanmu da suka fara daga neman barci suka ƙare a wani hali. Nasan da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ka bar wannan hanyar.

Ka gwada abubuwan nan sati biyu zuwa uku da gaske. In barcin bai fara dawowa ba, ko hoton Majiya na dawo maka a mafarki ko ido biyu, ko ka daina jin daɗin abinci da hira da komai, toh ka tafi asibiti kar ka tsaya jan ƙafa. Ka fara da babban asibitin da yafi kusa daku, a auna jininka tukunna dan rashin barci da damuwa suna tafiya da hawan jini, ka faɗa wa likita komai yadda ka faɗa min, kar kace masa ciwon kai kawai. In da buƙata zasu tura ka wajen likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Kazaure a nan Jigawa, a Kano akwai na Dawanau da sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano. Nasan abinda mutane ke cewa in anji sunan Dawanau, amma da yawan masu zuwa ganin likita a can da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar, malamai ne da 'yan kasuwa da matan aure masu irin damuwarka, wani ma magana kawai ake yi dashi ana koya masa dabaru. In kuma, Allah ya kiyaye, ka taɓa jin gara ka mutu ka huta ko tunanin cutar da kanka yazo maka, wannan ba na jiran sati biyu bane, ka gaya wa matarka ko wani babba da ka yarda dashi a ranar, a raka ka asibiti.

Yau dai in ka rufe shago ka bar babbar wayar a can, ka biya ka sayo wa yaran ko rake ne, ka shiga gida da sallama da fara'a. Bayan sati biyu ka sake rubuto min ka gaya min ƙarfe nawa kake yin barci, da yadda kuka yi da mutanen benci. Ka gaida Inna da maiɗakinka, Allah ya dawo da ƙaninka lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a Majiya.